Kunnen Hagu na Yaya Garba

Ranar Litinin ce, mako na biyu da komawarmu makaranta bayan dogon hutu, a shekarar da na shiga aji huɗu. Ruwan tafki ya cika har ya taɓo gindin giginyun da ke bayan ajinmu, ƙarnin ɗanyen kifi da hayaƙin banda suna shigowa ta tagar da ba ta da murfi. Malam Tanko, sabon malamin da aka kawo mana, ya rubuta layi uku a allo, ya nuna yayana Garba da tsinin bulala ya ce ya karanta. Garba ya girme ni da shekara biyu, amma sau biyu yana maimaita aji, har na tarar da shi muka zama 'yan benci ɗaya. Ya miƙe tsaye, ya fi kowa tsawo a ajin, ya ƙura wa allon ido, leɓɓansa suna motsi, amma babu abin da ya fito. Malam ya juyo kaina. Na karanta layukan nan uku ba tare da na ja numfashi ba. Sai ya ce, "Madalla. To, mare shi."

Haka dokar take a makarantarmu, kuma ba Malam Tanko ya ƙirƙiro ta ba. Wanda ya kasa yakan tsaya, wanda ya iya yakan mare shi, wai don kunya ta sa ya dage. Amma ni ban taɓa ɗaga wa Garba hannu ba, a gidanmu ko sunansa ba na kira gatsau. Na kai hannu na shafi kumatunsa kamar mai kore ƙuda. Malam ya yi murmushi ya ce, "Haka ake mari a gidanku? Zo in nuna maka." Marin da ya yi mini ya kai ni ƙasan benci. Na tashi bakina cike da jini, kunnena yana ƙara. Ya ce in sake. Na sake, ina kuka, wannan karon sai da kan Garba ya juya.

Da aka tashi, muka bi ta kunyoyin shinkafa zuwa gida. A wani ɗan kududdufi ya tsayar da ni, ya wanke mini baki da hannunsa, ya duba haƙorana ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai girgiɗi. Sannan ya ce, "Haruna, gobe in an ce ka mare ni, ka mare ni da ƙarhi. Ni fatata ta saba. Kada ka bari shi ƙara taɓa ka."

Garinmu yana bakin tafki, ba nisa da Warra. Babanmu masunci ne, amma kamar kowa yana da gonar shinkafa a fadama da ta gero a tudu. Gidanmu ɗakuna uku ne na laka da rumbu biyu, sai wata doguwar rumfa inda ake rataye kayan su, kalli da birgi. A bayan gida Inna take banda, tana jera tarwaɗa da karfasa a kan waya, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi. Aikinmu ba ya ƙarewa. Da sassafe mu kwashe ruwan da ya taru a kwale-kwale da tsohuwar ƙwarya, mu ɗebo wa Inna itace, mu fasa cikin kifi kafin mu ruga makaranta. Da la'asar mu tafi korar tsuntsaye. In mun samu sarari sai langa a kan yashi da yaran Gungawa da na Kambari, ko gasar nutso, wanda ya fi daɗewa a ƙasan ruwa ya hau bayan sauran.

A duk waɗannan wuraren Garba shi ne gaba. Ƙasan tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, tun kafin a haife mu, kuma su ne ke farke koma, su fasa jirgi. Garba ya san mazaunin kowanne. Yakan daidaita wata giginya da ƙololuwar wani dutse a tsallake, ya ce, "Nan akwai guda, karkata dama," in ka zura gora sai ka ji ta ƙwanƙwasa itace. Kallin da ya yage, ya gyara shi ba a gane wurin ɗinki. Da gwangwanin madara da robar silifa ya taɓa haɗa ɗan jirgi mai farfela da ke tafiya shi kaɗai a kan ruwa. Abin da ya fi ba manya mamaki shi ne kunnensa. Muna zaune a gida, jirgin inji yana can nesa ba a ma hango shi ba, zai faɗi mai jirgin, ya ƙara da cewa injin yana shan iska ko fulogi ya kusa mutuwa. Akwai wani makanikin injin jirgi a Warra, Baba Ɗanladi, mutumin kan tudu, Kirista, wanda Garba ke maƙale wa duk ranar kasuwa. Shi ya gaya masa akwai makarantar koyon aikin inji, kuma in ya kawo takardar gama aji shida zai tsaya masa ya shiga. Wannan takardar ce ta sa Garba yake tashi kullum ya saka rigar makaranta, alhali ya san abin da ke jiransa.

Na taɓa tambayarsa me yake gani a allo. Ya ce baƙaƙen ba sa tsayawa wuri guda, kamar 'ya'yan kifi a bakin gaɓa, kana kai hannu sun watse, in ka kama ɗaya sauran sun canza wuri. Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. A gida kowa da fassararsa. Baba ya ce taurin kai ne, tunda yaron da ya san ƙasan tafki ba zai kasa sanin abin da ke gaban hancinsa ba. Inna ta karɓo rubutu ta ba shi ya sha, ta sa masa kwalli ko matsalar ido ce. Da wata tsohuwa ta gaya mata cin kan kifi yana daƙushe ƙwaƙwalwa, sai ta hana shi kan kifi, abin da ya fi so a duniya, ta koma juye mini a kwano. Ni da nake cin nawa da nasa, ni ne na ɗaya a aji, amma ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin.

Nan ne wurin da ba na son faɗa, amma in na tsallake shi labarin ya zama ƙarya. Da farko ina marin Garba ne don tsoro. Kafin wata biyu, na fara jin daɗi. A gida shi ne babba, shi ake aika wa da jirgi, shi Baba ke tambaya ina kifi ya koma. A aji kuwa, sau uku ko huɗu a mako, yakan tsaya ya runtse ido, ni ƙaramin in miƙa a kan yatsun ƙafa in zabga masa, yara su ce "kai!" Na ƙware har na san yadda ake lanƙwasa tafin hannu ya yi ƙara. Ba shi kaɗai nake mari ba, amma nasa ya fi yawa. Wata rana na ga Inna tana gasa masa kumatu da tsumma da ruwan zafi, tana tambayarsa wa ya yi masa haka. Ya ce malam ne.

Dabarar da ta kusa cetonsa, shi ya kawo ta. A gonar shinkafa akwai wani gado da muka ɗaura a kan sanduna huɗu, inda muke zama muna jan igiyar gwangwanaye don korar tsuntsaye. Wata la'asar ya ce in karanta masa darasin gobe da ƙarfi. Na karanta sau ɗaya, ya ce in ƙara. A na biyun ya rufe ido. Da na gama sai ya maido mini da shi tun daga farko har ƙarshe, har da wurin da na yi tari. Washegari da aka kira shi, ya riƙe littafi, yana bin layi da yatsa, yana zubawa. Malam Tanko ya daki tebur ya ce, "Kun gani? Bulala ba ta ƙarya." Muka yi mako shida a haka. Ba karatun kawai yake riƙewa ba, yana fahimta. In aka yi tambaya da baki a kan labarin, amsarsa ta fi tawa. Kumatunsa suka saɓe. Ya fara waƙa a hanyar makaranta. Inna ta dawo masa da kan kifi.

Akwai wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar dalbejiya, shi ne ƙararrawarmu. Ni nake buga shi tun farkon shekara, kuma a wurin yaro ɗan shekara goma wannan sarauta ce. Wata Laraba Malam ya karɓe sandar ƙarfen daga hannuna ya miƙa wa Garba a gaban kowa, ya ce wanda ya taso daga ƙasa ya fi cancanta. Ban ci abinci ba ranar. Alhamis da aka fita tara, na ɗauki littattafan Malam na bi shi har inuwar da yake zama. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba wanda ya zuga ni. Na ce, "Malam, Garba ba karatu yake yi ba. Hadda ce. Ni nake karanta masa a gona."

Ranar Juma'a da safe Malam ya kira shi gaban aji, ya buɗe littafi da kansa ya ba shi. Shafin da ya buɗe ba na ranar ba ne. Garba bai sani ba. Ya ɗora yatsa ya fara zuba darasin da muka yi jiya, labarin wani manomi da jakinsa, alhali shafin da ke hannunsa na koguna ne. Wani yaro ya leƙa ya fashe da dariya, sai ajin duka ya ɗauka. Malam bai yi dariya ba. Mutum ne da ya yi mako shida yana alfahari a gaban sauran malamai cewa ya gyara daƙiƙi, yanzu ga shi yaro ya mai da shi abin dariya. Ya kira manyan yara huɗu, biyu suka riƙe hannuwa, biyu ƙafafu, suka ɗaga Garba sama. Ya ajiye bulalar kullum ya ciro dorina. Na daina ƙirgawa bayan goma sha biyar. Rigar ta tsage, jini ya fito a jere a bayansa, wata yarinya a benci na gaba ta yi fitsari a zaune. Garba bai yi kuka ba, kuma rashin kukan ne yake ƙara tunzura Malam. Da hannunsa ya gaji ya ce a sauke shi, ya juyo yana haki ya ce, "Haruna, zo ka ƙarasa."

Da zan ce tsoro ne ya sa, da mutane sun yarda. Akwai tsoro. Amma akwai kuma wani abu, ina so in bugi fuskar nan kafin ta dube ni ta gane. Na lanƙwasa tafin hannu na kai masa da dukan ƙarfina, shi kuma a daidai lokacin ya ɗan juya kai. Hannuna ya rufe kunnensa na hagu gaba ɗaya. Ƙarar da na ji ba ta mari ba ce, kamar an taka busasshiyar ƙwarya ce. Ya dafe wurin ya durƙusa, jini ya biyo tsakanin yatsunsa. Malam ya sake ɗaga dorina ya ce ya miƙe. Ya miƙe kuwa. Ya cafke dorinar a sama, ya murɗe ta daga hannun Malam, ya tura shi da kafaɗa har ya bugi allo, allon ya faɗo a kansa. Sannan ya jefar da ita ta taga, ya fita ba gudu ba sauri.

Labari ya riga mu isa gida. A wurin Baba, yaron da ya ɗaga wa malami hannu ya gama lalacewa. Ya ɗaure Garba a ginshiƙin rumfa da igiyar jirgi, ya ninka wata ya hau dukansa a kan raunukan da ba su bushe ba. Ina tsaye a bayan rumbu ina kallo. Inna ta fito daga wajen banda da gudu, ta faɗa a kansa, igiya ta same ta sau biyu a gadon baya. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ta ce, "Kashe min ɗa za ka yi saboda baƙaƙen da kai ma ba ka san su ba?" Baba ya tsaya da igiya a hannu. Sannan ya yar da ita ya nufi bakin ruwa.

Kunnen ya yi makonni yana zubar da ruwa mai wari. Inna tana ɗiga masa man kaɗanya mai ɗumi, sai da abin ya ƙi aka kai shi wajen mai magani a Warra, aka ce fatar cikin ta fashe kuma an makara. Baba ya je makaranta ya ba da haƙuri. Aka ce za a karɓi Garba in ya kwanta an yi masa bulala a gaban taron safe. Garba ya ce, "Ko yanka ni za a yi." Daga nan zancen takardar aji shida ya mutu. Ya tattara 'yan kayansa ya koma wurin Baba Ɗanladi, wanda ya dube shi ya ce takarda ba ta kwance inji, ya miƙa masa sifana. Aka dawo mini da ƙararrawa. Na buga ta har na gama firamare.

Na yi sakandare a Yelwa, aiki bai samu ba, na fara tallar fulogi da farfela a faranti a bakin tashar jirage. Yau ina da shago, ina sayen injinan jirgi sababbi da na hannu ina sayarwa daga Yelwa har Shanga da ƙauyukan tsallake. Kuma duk wanda ya san ni ya san ba na ƙulla cinikin inji sai Yaya Garba ya saurare shi. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya rufe ido. An taɓa kawo mini wani mai sheƙi da takardunsa cif, na karanta su tsaf ban ga aibi ba. Ya saurara kaɗan ya ce, "Akwai tsaga ciki. Ba shi kai Warra da kaya." Aka buɗe, ga ta nan. Kasuwa ta koya mini abin da aji bai koya mini ba. Wani da ido yake sanin kaya, wani da hannu, wani da hanci kamar yadda Inna ke sanin bandar da za ta yi tsutsa, wani da kunne. Dillalin da ya ce hanya ɗaya ce kawai, ba zai daɗe a kasuwa ba. Makarantarmu ta ce ɗaya ce, kuma ta ba mu izinin dukan duk wanda ya biyo ta wata.

Bara ne malamar 'yata Hauwa'u ta aiko in zo. Yarinyar tana aji uku, bakinta ya fi na kowa a gida, amma karatu ya ƙi. Na tafi da shirin jin an ce ba ta mai da hankali. Sai malamar ta ce abin yana da suna, disleksiya, kuma ba ciwo ba ne, ba daƙiƙanci ba ne. Ta ce irin waɗannan yaran kansu yana kama baƙaƙe ta wata hanya dabam, ana bin su a hankali, da sauti, da rubutu da yatsa a kan yashi, da karanta musu su saurara, kuma abin yakan bi jini. Na tambaye ta ko har yanzu ana sa yaro ya mari ɗan'uwansa. Ta ce a ajinta dai a'a.

Ranar kasuwar da ta biyo na tafi Warra. Na tarar da Yaya a rumfarsa, kansa ya yi furfura, yana wanke kaburata a cikin fetur. Na zauna na ba shi labarin Hauwa'u, ya sa na maimaita sunan abin sau uku, yana dariya yana cewa ashe har Turawa sun san da zamansa. Sai na tattara ƙarfina na ce masa ni ne na gaya wa Malam Tanko. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da wanki. Can na lura a gefen hagunsa na zauna, kuma a hankali na yi maganar. Zan iya tashi a haka in ce na sauke nauyi. Na zagaya ta dama, na durƙusa, na faɗa da ƙarfi har masu jiran gyara suka juyo.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Haruna, mu biyu ka zama kan gadon nan na gona. Tsuntsaye dai ba su kai ƙara. Tun ranar na sani." Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "In faɗa wa Baba shi ɗaure ka kai ma? Kai ba ka iya ɗauka." Sannan ya ce ranar Asabar in kawo masa ɗiyar, yana so ya ga yadda hannunta yake da sifana.

Yanzu da yamma Hauwa'u takan zauna a tsakar gida da faranti cike da yashi, tana zana baƙi tana kiran sautinsa, in ta gaji uwarta ta karanta mata ta saurara. Tafiyar tana da nauyi, amma tana tafiya, kuma ba wanda ya taɓa ɗora mata hannu a kan haka. Nakan tsaya a bakin zaure in kalle ta, in tuna yashi ne ya fi komai yawa a garinmu, muna taka shi kullum a hanyar makaranta, ni da Yaya, ba mu san yana da wannan amfanin ba. Sunan abin ya iso gidanmu daga ƙarshe, amma ya tarar kunne ɗaya ya riga ya tafi.